Darasi na Tara: Zaɓen Ƙwai Mai Kyau da Karanta Rubutun Kwalinsa

Wata ɗalibarmu ta ajin yamma, mai yin kek na sayarwa, ta taɓa ba mu labarin asarar da ta tafka. Ta auna fulawa mudu biyu, ta haɗa da sukari da bota, tana fasa ƙwai kai tsaye cikin kwaɓin. Na goma sha ɗaya ne ya fito baƙi, da wari mai tayar da zuciya. Kwaɓin duka ya tafi bola, ga masu biki suna jiran kaya da la'asar. Tana ba mu labarin idonta ya ciko da hawaye, domin jarinta ke nan. Baragurbi ɗaya ya cinye mata ribar mako guda.

Kafin mu je ga rubutu, mu fara sanin abin da ke faruwa da ƙwai bayan kaza ta yi shi. Ɓawonsa, duk da santsin da muke gani, cike yake da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwan cikinsa ke fita kaɗan-kaɗan, iska tana maye gurbinsa. Iskar tana taruwa a ɓangaren da ya fi faɗi, ba wajen tsinin ba. Sabon ƙwai iskarsa 'yar kaɗan ce. Kullum ya ƙara kwana, sai ta ƙaru, kuma zafi yana gaggauta abin ƙwarai.

Wannan shi ne sirrin gwajin da iyayenmu mata suka daɗe suna yi wa ƙwan zabi da damina. A sami kwano mai zurfi, a cika da ruwa mai sanyi, a saka ƙwan a hankali. In ya nutse ya kwanta a gefensa, sabo ne. In ya nutse amma ya ɗaga kai ya tsaya, ya kwana biyu, sai a yi amfani da shi da wuri, a dafa shi sosai. In ya taso sama yana yawo, a rabu da shi. Wanda aka jiƙa wajen gwaji kuwa, a ci shi ranar, kada a mayar da shi ajiya.

A kasuwa ba kullum ake samun ruwa ba. To, a ɗauki ƙwan a kai kusa da kunne a girgiza a hankali: sabo shiru yake, tsoho ana jin cikinsa yana motsi. A duba tsagewa ko da siririya ce kamar gashi, domin ƙwayoyin cuta ta nan suke shiga. Sau da yawa mai shago zai ce ga fasassu a farashi mai sauƙi. Ni dai ban ga arha a abin da zai iya kwantar da yaro da gudawa da amai ba.

Yawancin ƙwan da muke saye a kiret mai cin talatin yake zuwa, babu rubutu ko ɗaya a jikinsa. A nan baki ne zai yi aiki. A tambaya: "Malam, yaushe aka sauke wannan daga gona?" A kuma lura inda ya ajiye shi. Kiret ɗin da ya wuni a rana a bakin titi cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, ba ɗaya yake da wanda ke cikin inuwa ba, ko da rana ɗaya aka kwaso su. Ƙwan kajin gida da ke tare da zakara ya ma fi saurin lalacewa, don zafi kan sa tsako ya fara samuwa a ciki.

Yanzu ga karatu. A manyan kantuna na Kano, Kaduna da Abuja ana samun ƙwai a cikin kwali ko roba mai cin 6, 12 ko 30, da takarda manne a kai. Abin da ya fi muhimmanci a takardar shi ne kwanan wata, kuma iri-iri ne. Inda aka rubuta PACKED ON, ranar da aka zuba ƙwan a kwalin ake nufi. Inda aka rubuta BEST BEFORE, ko BB a taƙaice, ana nufin a ci kafin wannan rana. EXP kuma ranar ƙarewar wa'adi ce. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka ci karo da kwali mai Faransanci, "Pondu le" na nufin ranar da kaza ta yi ƙwan.

Mu gwada wannan tare: BB 14/03/2025. Lamba ta farko rana ce, 14. Ta tsakiya wata ne, 03, wato wata na uku, Maris. Ta ƙarshe shekara. Ke nan a ci kafin 14 ga Maris, 2025. Wanda bai riƙe jerin watannin Bature ba, ya ƙirga da yatsa: Janairu 01, Fabrairu 02, Maris 03, har Disamba 12. A kula, mutanen Amurka wata suke fara rubutawa kafin rana, shi ya sa a kayansu za a iya ganin 03/14. Tunda babu wata na 14, an gane cewa 14 ce ranar.

A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce wa'adin da ake rubutawa kada ya wuce kwana 28 daga ranar da aka yi ƙwan. Amma wannan lissafi ne na wuri mai sanyi. Takarda ba ta san ko motar da ta ɗauko kayan ta lalace a hanya ba, ba ta san ko an ɗauke wuta a kantin kwana biyu ba. Saboda haka ko kwanan wata bai wuce ba, a buɗe kwalin a duba, a taɓa kowane ƙwai a ga ko ya manne da kwalin. In ya manne, ya tsage ya tsiyaya ke nan.

Kalmomin LARGE, MEDIUM da SMALL girma kawai suke nunawa: babba, matsakaici, ƙarami. Ƙananan galibi na kajin da suka fara yi ne, kuma lafiyarsu ƙalau. Launin ɓawo ma, fari ko ja, daga irin kazar yake, ba ya ƙara wa ƙwai amfani a jiki. Gwaiduwa mai ja sosai kuwa abincin kazar ne ya sa, kamar jar masara da ganye.

In an kawo gida, kada a wanke shi kafin ajiya. Mutane da yawa suna yin haka don tsabta, alhali kaza tana haifar ƙwai da wani ɗan rufi a bayan ɓawon mai toshe ƙofofin nan, ruwa kuma yana cire shi. Mai kashin kaza a jiki, a goge shi da busasshen tsumma, a wanke sai lokacin da za a fasa. A jera shi tsini ƙasa. Mai firji ya saka can ciki, ba a jikin ƙofa ba. Inda wuta ba ta zama, gara a ajiye shi a inuwa kusa da randa, nesa da murhu da kananzir da albasa, don yana zuƙar wari. Fitar da shi daga sanyi zuwa zafi yana sa ya yi gumi, gumin kuma yana taimaka wa ƙwayoyin cuta su shiga. A riƙa sayen na 'yan kwanaki kawai da bazara.

Wajen girki, a fasa kowane ƙwai shi kaɗai a ɗan kofi kafin a juye cikin sauran. Sabo gwaiduwarsa a tsaye take kamar ƙwallo, farin kuma yana da kauri ya kewaye ta. Tsoho yana bajewa kamar ruwa. Ɗalibarmu mai kek yanzu da kofinta a gefe take aiki.

Aikin gida: kowa ya nemo kwali ko gwangwani ɗaya mai kwanan wata, na ƙwai ko na madara ko na magani, ya kwafe lambobin a littafinsa, ya rubuta sunan watan da Hausa a ƙarƙashi. A kuma gwada ƙwai uku a ruwa, a rubuta yadda kowanne ya yi, a zo da amsa darasi mai zuwa.