Kurakuran da ake yi wajen koyar da girgizar ƙasa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne malam ya zana tsagar dutse a allo, ya ce gefe biyun suna zamewa, shi ke nan ƙasa ta girgiza. Yaro ya koma gida bai san abin da ya sa take zuwa farat ɗaya ba. Manyan ɓangarorin ɓawon ƙasa 'yan santimita kaɗan suke tafiya a shekara, kusan yadda farce ke tsiro, amma bakin tsagar a cije yake. Duwatsun gefe su yi ta lanƙwashewa suna tara ƙarfi, wani lokaci ɗaruruwan shekaru, ranar da cizon ya kasa sai su fizge. Bayan girgizar birnin San Francisco na Amurka ta 1906 an tarar da shingayen da suka ratsa tsagar San Andreas sun rabu, gefe ɗaya ya goce 'yan mitoci. Daga nan ne masanin kimiyyar ƙasa Harry Fielding Reid ya fito da wannan bayani.

Wannan darasi ba ya shiga da baki kawai. A samo bulo, a ɗaura masa robar tsohon tub, yaro ya riƙa ja a hankali a kan daɓen siminti. Roba na miƙewa, bulo na nan daram, can sai ya zabura. A sa 'yan aji su faɗi lokacin da zai motsa. Za su yi ta kuskure, kuma daga nan za su gane dalilin da ya sa masana ke sanin inda haɗari yake amma ba sa iya faɗin rana ko sa'a.

Sai batun maki, wato lambar da ake auna girman girgiza da ita. Yara kan ɗauka 7 ta ɗara 6 da kaɗan, alhali ƙarfin da take saki ya ninka kusan sau 32. In ba a faɗi wannan ba, maki 7.8 na girgizar Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023 lamba ce kawai a kunnensu.

A daina cewa ƙasa na buɗe baki ta haɗiye gari. Rushewar gine-gine ce ta fi kashe mutane.

Wanda ya fi damuna shi ne a ce wa ɗalibi abin bai shafe mu ba. Gaskiya ne mu a Najeriya muna nesa da mahaɗar ɓangarorin ɓawon ƙasa, amma akwai tsofaffin tsagogi a ƙarƙashinmu. Ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018, ta birnin Akara na Ghana kuwa a 1939 har rayuka ta ci.