Yadda ake haɗa hutun Zanzibar da nutso a teku, ga mai tashi daga Yamai

Yawancin mutanenmu da hutun Zanzibar ya ɓaci musu, tun daga Yamai ya ɓaci. Na ga ƴan kasuwa da ma'aikata sun biya kuɗin koyon nutso da tulun iska cif, suka ƙare zaune cikin kwalekwale suna kallon wasu na sauka ruwa, wani don bai iya iyo ba, wani don hancinsa a toshe yake. Ga yadda ake jera abin.

Fara da biza, kafin tikiti. Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar ke cikinta, ta sa Nijar cikin ƙasashen da ba a buga wa ƴaƴansu biza a filin jirgi. Ta intanet ake cike takarda, sannan a jira izini daga hukumar shige da ficensu. Ka ba abin wata biyu, kuma kada ka biya kuɗin jirgi sai amsa ta zo hannunka. Ka riƙe katin allurar shawara tare da fasfo. Tun daga Oktoban 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorarta ta dalar Amurka 44, wato jika ashirin da ɗoriya, ko da kana da wata. Hanyar da na fi so ita ce Ethiopian Airlines, daga filin Diori Hamani zuwa Adis Ababa, daga can kai tsaye tsibirin. Wasu kan sauka Darussalam su hau jirgin ruwa na awa biyu don rage kuɗi, amma in ka haɗa tasi da dako da kwanan otal, ragin ba ya taka kara ya karya.

Cikin watannin jiran nan ka koyi iyo. Takardar shaidar nutso ta matakin farko, irin ta ƙungiyar koyar da nutso ta PADI da yawancin makarantun can ke bayarwa, ba a ba mutum ita sai ya yi iyon mita 200 ba tsayawa (ko mita 300 da gilashin ido, bututun numfashi da takalmin iyo), ya kuma yi minti 10 a saman ruwa bai riƙe komai ba. Ba a duba sauri. Je wurin iyo na wani otal a Yamai, biya kuɗin shiga, samu mai koya maka. Kada ka ce za ka gwada a Kogin Isa, ga dorina ga tsargiya. Mutumin Tawa da ba ya da wurin iyo kusa, ya sauko Yamai da wuri ya yi wannan aikin kafin ranar tashi. Sannan ka ga likita. Mai sikila ba ya nutso, ba wata magana. Mai asma, ciwon zuciya ko hawan jini sai da takardar likita, kuma za a ba ka tambayoyin lafiya ka cike kafin ka taɓa kaya. Kada ka ɓoye komai don ka wuce, babu wanda kake cuta sai kanka. Mace mai ciki ta bari sai wani karo.

Lokacin tafiya kuwa, guje wa Afrilu da Mayu, damina ce mai ƙarfi a can. Yuni zuwa Oktoba shi ne zaɓina. Disamba zuwa Fabrairu ma ruwan na da kyau, sai dai a lokacin mu nan muna tsakiyar hunturu, kuma mutum kan hau jirgi da murar ƙura bai ɗauke ta a bakin komai ba. Riƙe wannan, za mu komo kansa. Azumi da nutso kuma ba na haɗa su, don iskar da ake shaƙa busasshiya ce, jiki na neman ruwa sosai.

Da ka sauka filin Abeid Amani Karume, kowa zai ce ka kwana a tsohon garin Zanzibar, wato Stone Town, tukuna. Ni na ce wuce arewa kai tsaye, Nungwi ko Matemwe, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota. Dalilin shi ne ba a hawa jirgin sama da an fito daga nutso. Bayan nutso guda ana jiran awa 12, bayan na kwanaki a jere awa 18, ni kuwa kwana cur nake so. Iskar nitirojin da ta shiga jini a ƙasa sai a hankali take fita, in aka gaggauta ta sai ta zama kumfa cikin gaɓoɓi da jijiya. To in ka sa nutso a farko, kwanakin yawon gari sun zama su ne jiran, ba ka yi asarar ko yini ba. Koyon na cin kwana uku zuwa huɗu: karatu, gwaji a ruwa marar zurfi, sai nutso huɗu a teku, iyakarka mita 18. Karatun yi shi ta waya tun kana gida, akwai shi da Faransanci. Akwai kuma ɗanɗanon yini guda da ba ya wuce mita 12. Ya fi araha, amma ba takarda, kuma malami na riƙe da kai kamar marar lafiya.

Yanzu kunne, inda mutane suka fi faɗuwa. A zurfin mita 10, nauyin da ke danne ka ya ninka na saman ruwa sau biyu, saboda haka mitocin farko su ne mafi tsanani ga kunne, tun kana hangen gindin kwalekwalen. Ruwa na tura dodon kunne ciki, kai kuma dole ka tura masa iska ta ƴar hanyar da ta haɗa maƙogwaro da kunne. Toshe hanci da yatsu biyu, hura a hankali baki rufe, za ka ji ƙas a kunnuwan. In bai yi ba, haɗiye yawu ko motsa muƙamuƙi. Fara tun kana sama, maimaita kowace mita, kafin ka ji zafi. Sabon shiga kan jira sai ya ji zafin, alhali a lokacin hanyar ta riga ta matse, sai ya hura da ƙarfin tsiya ya ji wa kansa. In kunne ya ƙi, tsaya, ɗaga sama mita ɗaya, sake gwadawa. Sauka da ƙafa, kai a sama, kana riƙe da igiya. Malami ya jira, kuɗinsa ka biya.

Abin da na fi lura da shi ga mutanenmu shi ne kunya da dauriya. Namiji ya ga ƴar Turawa ta sauka ƙasa tana jiransa, sai ya cije ya bi ta da kunne na ci masa wuta. Dodon kunne fashewa yake, kuma in ruwa ya shiga, jiri zai kwashe ka har ka rasa ina ne sama. Nuna kunnenka da yatsa, karkaɗa tafin hannu, malami ya gane. Mai mura kuwa kada ya sauka sam, don majina ta toshe hanyar. Maganin fesa hanci da ake saye a famasi dabara ce da ba na yarda da ita: yakan saki mutum yana ƙasa, iskar da ke cikin kunne ta rasa mafita wajen hawowa, kuma hawowa dole ne. In hunturu ya kama ka, juya jerin, yi garin tukuna, bar teku sai hanci ya buɗe, ka dai bar kwanan jiran a ƙarshe.

Sauran dokokin malami zai nanata. Ba a riƙe numfashi ko kaɗan, musamman wajen hawowa. Duba agogon iska a kai a kai, tulu na farawa da wajen bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iskar), a fito da 50. Tsaya minti 3 a mita 5 kafin ka ɓullo. Ɗaga babban yatsa a can na nufin mu hau sama, lafiya lau kuwa zobe ake yi da yatsu biyu. Kada ka taɓa murjani. Nemi a kai ka gefen tsibirin Mnemba, nan ake ganin kunkurun teku, wani lokaci har dolfin, amma tsibirin kansa ba a taka shi. Mata su sani rigar nutso na rufe jiki har wuyan hannu da idon sawu, ana ɗora hular ruwa, kuma ana iya tambayar malama mace tun wajen yin rajista.

Kafin ka bar Nungwi, leƙa bakin ruwa inda masassaƙa ke haɗa jiragen katako da hannu. Daga nan koma tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, ka ba shi kwana biyu aƙalla. Garin Musulmi ne, sallama na buɗe maka ƙofa, dattijo kuma ana ce masa shikamoo. Sa jallabiya ko doguwar riga, gajeren wando na bakin teku ne. Yi sallah a masallatan cikin lungu, sha gahawa a dandalin Jaws Corner, ka tsaya kallon ƙofofin katako masu sassaƙa. Je inda tsohuwar kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a wurin. Kada ka tsallake ta don ka ji an ce coci, tarihin da ke ciki ya shafe mu. Da magariba je Forodhani, kasuwar abincin dare ta bakin teku, amma tambayi kuɗin kifi kafin a ɗora shi a wuta, ni dai romon da suke kira urojo da ruwan rake sun ishe ni. Gonar kayan yaji rabin yini ce. Kanumfari da kirfa saye su a kasuwar Darajani, sun fi na gonar araha, biya da shilin, ka ɗaure su da kyau cikin babbar jaka.