Kurakuran da Ake Tafkawa Wajen Lissafin Gogar Ruwa a Jikin Bututu

Ƙa'idar ba ta da wuya: ƙarfin gogayya a bango, τw, shi ne danƙon ruwa μ sau canjin gudu du/dy, daidai a jikin bangon. A kan wannan "daidai a jikin bangon" ne ɗalibai suke yin tuntuɓe.

Ɗauki bututu mai faɗin milimita 50, ruwa na gudun mita 1 a daƙiƙa, zafinsa digiri 20 a ma'aunin Celsius. Lambar Reynolds (Re), wadda ke nuna ko gudun ruwa mai natsuwa ne ko hargitsattse, 50,000 ce, wato gudun ya hargitse. Amsar τw ta gaskiya ta kai wajen 2.6 Pa (pascal). Sai ka ga ɗalibi ya auna gudu a nisan milimita 5 daga bango, ya raba da nisan, ya ninka da μ, ya samu 0.2 Pa, ya ja layi biyu a ƙasa. Haba! Siririn sashen da danƙo ke iko da shi, inda y+ (lambar da ke nuna nisa daga bango, marar ma'auni) bai kai 5 ba, kaurinsa a wannan bututun kusan milimita 0.1 ne kacal. Shi ya tsaya nesa da wurin har ninki hamsin. Masu aiki da kwamfuta ma haka suke: ragar lissafi (mesh) mai manyan idanu a bakin bango, hoto mai launi kamar atamfa, lambobi kuwa shirme. Ko dai a sa layin farko na ragar a y+ kusan 1, ko tsakanin 30 da 300 idan manhajar ce za ta cike giɓin kusa da bango. Tsakanin 5 da 30 kada a yada zango.

Na biyu mai ban haushi: lambar gogayya f iri biyu ce, Darcy da Fanning. Na Darcy ninki huɗu ne na Fanning. Jadawalin Moody, inda ake karanta f, na Darcy ne, don haka τw = fρV²/8, inda ρ nauyin ruwa ne a kowace mita kubik, V kuma matsakaicin gudunsa. Wanda ya raba da 2 maimakon 8, kamar na Fanning ne, ya ninka amsarsa sau huɗu bai sani ba. Ni dai kafin in taɓa kowane littafi sai na duba layin gudu mai natsuwa: 64/Re Darcy ne, 16/Re Fanning.

Musanya μ da ν (wato μ/ρ) a ruwa kuskuren ninki dubu ne, a duba ma'auni. A shimfiɗaɗɗen faranti kuma, lambar gogayya 0.664/√Re na wuri guda ne, 1.328/√Re na matsakaici, kuma ba a amfani da su idan Re ta wuce wajen 500,000.

Idan akwai na'urar auna matsi, na fi yarda da τw = ΔP·D/4L (ΔP raguwar matsi a tsawon L, D faɗin bututu), muddin an sa ta nesa da gwiwar bututu da bakin shigar ruwa.