Kurakuran da ke kashe walat ɗin fata tun bai tsufa ba

Na gaji da ganin mutum ya sa kuɗinsa ya sayi walat na fata mai kyau, irin wanda baduku ya zauna ya yanka ya ɗinka da hannu, amma kafin shekara ta zagayo ya lalace, sai kuma ya dawo yana cewa ai fatar ce ba ta da kyau, an cuce shi. Ba a cuce ka ba malam, kai ka kashe abinka. Fatar akuyar da aka jeme da bagaruwa, irin wadda majeman Kano da Sakkwato suka saba yi tun kaka da kakanni, wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka ɗauka daga Maroko take, ba abar da za ta mutu a aljihu cikin wata shida ba ce. Ita tana ƙara kyau ne da amfani, zufar hannu da hasken rana su ke sa ta yi duhu ta yi sheƙi a hankali.

Babban kuskure, wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci, shi ne busar da jiƙaƙƙen walat da zafi. Akwai wani jan walat da nake ji da shi, na jar akuya da aka rine da karan dafi, ya riga ya yi laushi ya ɗauki siffar aljihuna, ya shiga wanki a cikin aljihun kaftani. Toh wannan ba wani abu ba ne, ruwa kaɗai ba ya kashe fata. Amma ƙanena da ya tsince shi, don ya taimaka wai, sai ya shimfiɗa tsumma a kai ya ɗora masa dutsen guga. Wallahi da na dawo na gan shi ya tsuke ya ƙandare kamar ganda, gefen ya nannaɗe, ina lanƙwasa shi ya tsage a tsakiya. Na kai wa dukawa a kasuwar Kurmi suka juya shi suka ce sai haƙuri, wannan ta dahu. Kuma gaskiya suka faɗa, fatar bagaruwa in tana jiƙe ta haɗu da zafi mai yawa dahuwa take yi, ta tsuke, kuma ba man da za ka shafa ya dawo da ita. Dutsen guga, bakin murhu, na'urar busar da gashi ta uwargida, saman janareto, gaban mota a ranar Afrilu, duk abu ɗaya ne. Ni yanzu in ya jiƙe, in fitar da komai, in danna shi da busasshen tawul ba gogewa ba, in sa farar takarda a ninke cikin kowane aljihu don kada su manne, in rufe shi yadda yake zama, in ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ko zai kwana biyu ya kwana, ba gaggawa. Kada ka sa jarida, tawadar na iya zama a jiki.

Na biyu kuma shi ne mai, kuma a nan ne masu son abin nasu da yawa suke ɓata shi. Mutum ya ji an ce fata na son mai, shikenan ya samu aiki, duk Juma'a sai ya lafta basilin, wani man gyaɗa, na taɓa ganin wanda ya shafa man ja, haba jama'a. Walat fa kullum yana hannunka, maiƙon hannun nan da kake taɓa shi da shi sau goma a rana ya kusan isarsa. In ka cika masa mai fatar za ta saki ta yi laɓo-laɓo, aljihunan kati su buɗe, ƙura ta manne, man girki kuma ya yi wari bayan ɗan lokaci, sannan ya fito maka a jikin farar shadda ranar ɗaurin aure, nan ne za ka gane. Abin da nake yi, kuma na san wasu ba za su yarda ba don akwai masu cewa sai man kanti na musamman, shi ne man kaɗanya ɗan kaɗan a kan yatsa, in murza har ya narke, in bi da shi sama-sama, in bar shi ya kwana, da safe in goge da tsohuwar singileti. Sau ɗaya in hunturu ya kama, don iskar nan tana tsotse fata har wajen ninki ya fara fari-fari, in ya matsa in ƙara sau ɗaya kafin bazara. Damina kuwa ba na shafa komai sam. Ka sani zai ƙara duhu bayan shafawar, don haka gwada a ciki tukuna inda ba a gani.

Sai masu mayar da walat ofis. Katin ATM uku a rami ɗaya, katin zaɓe, katin ɗan ƙasa, lasin tuƙi, rasit ɗin cefanen azumin bara, katin gayyatar bikin da an riga an yi suna, layin waya huɗu da ba sa aiki. Ɗan uwa fata in ta buɗe ba ta komawa. Ranar da ka rage kayan, katin da ya rage zai riƙa zamewa yana faɗuwa, kuma kai za ka je banki ka bi layi. Sabon walat dole ya yi tauri, kati ɗaya rami ɗaya, ka ba shi makonni zai saki daidai da abin da kake ɗauka. In kuɗin da yawa, ko ka karɓo damin 'yan ɗari biyar daga mai POS, sa su a wani aljihun daban.

Wani abu da mutane da dama ba su lura da shi ba, ƙarfe. Fatar bagaruwa in ta haɗu da ƙarfe da danshi baƙi take yi, da irin wannan haɗin ne ma dukawa ke samun baƙin rini. Don haka makullin shago ko reza ko allurar da ka soke a ciki, in zufa ta ratsa, za ka tarar da baƙin tabo da siffar abin, kuma da wuya ya fita. Makulli ba wurinsa ba ne nan.

Aljihun baya kuma kana zama a kai daga Kano har Kaduna, walat ya karkace, kati ya karye, bayanka ma ba ya jin daɗi. Mai da shi gaba ko aljihun gefe.

Duhun da ya fara yi ba dauɗa ba ne, shi ne abin da ka biya kuɗi dominsa, ka daina dirza shi da omo da soso. Tsumma mai ɗan danshi ya isa. Ƙarcen farce ma murza shi da babban yatsa, yawanci zai lafa.

Turare da sanitaiza suna cinye rini su bar tabo, bari hannu ya bushe kafin ka ɗauka. Man goge takalmi na takalmi ne, a walat rigarka kawai zai ɓata.

In za ka ajiye shi ka huta, kada ka ƙulle shi a leda ka jefa durowa a watan Agusta, za ka buɗe ka ga ya yi fumfuna fari fat. Nannaɗe shi a ƙyallen auduga. In ta riga ta kama, fita da shi waje ka kakkaɓe, ka goge da ruwan da aka ɗiga wa binega kaɗan, ya sha iska a inuwa.

Zare in ya ɗago kada ka ja, kuma don Allah a raba fata da sufa gulu, wurin ƙandarewa yake yi har allura ta kasa shiga daga baya. Kai wa baduku ko shumeka mai natsuwa, ka ce ya bi tsoffin ramukan ɗinkin kada ya huda sababbi, aikin minti kaɗan ne.

Duk wannan fa in fatar gaske ka saya. Wanda ke saɓulewa yana zubar da ɓawo bayan wata uku leda ce aka manna a kan yadi, komai tambarin Turancin da aka buga masa, kuma ba man kaɗanyar da zai cece shi. Duba bakin yankan, fata za ka ga zare-zaren nama a jiki, ka shinshina, ka buɗe can cikin aljihun ka ga ko bayan fata ne ko yadi. Masu kunna laita a jiki don su nuna maka ta gaske ce, ni dai ba a kan wanda zan saya ba, ya gwada a wani guntun.