Zuwa Wacken ko Hellfest: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Za a Kauce Musu

Wacken ƙauye ne a jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus, mazaunansa wajen dubu biyu ne. Amma duk shekara, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, mutum wajen 85,000 ke sauka a filayensa domin bikin kiɗan hebi metal (kiɗan gita da ganga mai tsananin ƙara), mai ɗauke da sunan ƙauyen, da Thomas Jensen da Holger Hübner suka fara a 1990. Takwaransa na Faransa, wato Hellfest, tun 2006 ake yin sa cikin watan Yuni a Clisson, wani ɗan gari kusa da Nantes. Ƙanƙantar waɗannan wurare ita ce tushen yawancin wahalar da baƙo ke sha. Wanda ya ɗauka birni za shi, ya ce zai sayi tikiti ana saura wata guda, ya kama otal, ya hau tasi, to tun daga gida ya ɓata hanya.

Babban kuskure shi ne jinkiri. Wacken kan buɗe sayar da tikitin baɗi da zarar an tashi daga bikin bana, tun ba a gama naɗe tantuna ba. Tikitin 2024, wanda aka sayar Yuro 333, cikin 'yan sa'o'i ya ƙare. Ba kowace shekara yake tafiya da wannan saurin ba, amma ba abin da za ka dogara da shi ba ne. A Hellfest kuwa tikitin kwana huɗu kan ƙare tun kafin a bayyana sunayen makaɗan da za su zo. Wanda ya ce sai ya ga wa da wa za su yi wasa kafin ya fitar da kuɗinsa, sai dai ya ji labari. Ka buɗe asusu a shafin bikin tun da wuri, ka kuma gwada katin bankinka ka tabbata yana biyan kuɗin ƙasashen waje, domin a ranar ba a jiran kowa.

Idan tikiti ya kuɓuce maka, a nan ake yin kuskure na biyu, wanda ya fi na farko ciwo. Sai ka ga wani a Facebook ya ce yana da guda biyu na sayarwa, da araha, ka tura kuɗi ya turo maka hoto. Hoton nan ɗaya yana iya sayar wa mutum goma, kuma na'urar bakin ƙofa sau ɗaya take karɓar lamba. Tikitin Wacken ma da sunan mai shi yake fita. Duka bukukuwan biyu suna da nasu dandalin sake sayarwa, inda wanda ya fasa zuwa ke mayar da nasa. Yawanci idan lokaci ya matso ake samun masu fasawa. Haƙuri a wannan layin ya fi arahar ɗan damfara.

Sai batun lissafi. Mutane kan kalli Yuro ɗari uku da 'yan kai su ce ai da sauƙi, alhali ga wanda zai taso daga Najeriya, Nijar ko Ghana, tikitin ne ƙaramin kaso. Akwai kuɗin jirgi a tsakiyar lokacin hutun Turai, sa'ad da farashi ke sama. Akwai bizar Schengen, ta shiga rukunin ƙasashen Turai da ya haɗa da Jamus da Faransa, wadda ta koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, da inshorar lafiya da dole ta kai ta Yuro 30,000. Ana iya neman bizar tun ana saura wata shida, kuma gara a yi hakan, don samun ranar ganawa a ofishin jakadanci shi kansa aiki ne. Ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita za ka nema wa, ba wadda aka ce maka ta fi sauƙi ba. Kada ka sayi tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Masu son haɗa bukukuwa biyu a tafiya ɗaya su lura: Graspop na garin Dessel a Beljiyam yana cikin Schengen, amma sau da yawa kwanakinsa kan ci karo da na Hellfest, Download kuma a Donington Park yake, a Ingila, bizarsa daban ce.

Wurin kwana shi ne inda nake ganin an fi ɓarnar kuɗi ba dalili. A Wacken da Hellfest, filin kafa tanti yana cikin kuɗin tikiti. Duk da haka baƙo kan ji tsoron kwanan fili, ya kama ɗaki a Hamburg, sannan ya gano cewa zuwa kawai ya haura sa'a guda, kiɗa kuma ba ya tashi sai bayan ɗayan dare, lokacin da jirgin ƙasa ya yi wuyar samu. Ɗakunan da ke kusa, a Itzehoe ko cikin Clisson, tun watanni kafin biki ake kame su. In ba za ka iya jigilar tanti a jirgi ba, ka saya a can, ko ka yi hayar wanda aka riga aka kafa, da ƙarin kuɗi. Sai dai ka guji tanti mafi araha mai rufi falle ɗaya, ruwan dare guda ya ishe shi. Ka kuma sa wa naka alama, tuta ko ƙyalle mai launi, ka riƙe harafin yankin da kake. Da ƙarfe ukun dare tanti dubu duk kamarsu ɗaya.

Jirgin ƙasa ba ya shiga Wacken. A Itzehoe ake sauka, a hau motocin bikin. Wasu kan sayi Deutschlandticket, tikitin wata na hawa jiragen ƙasa da motocin bas na yankunan Jamus, saboda arha, kuma yana da amfani, amma da tarko biyu: ba ya aiki a jiragen ICE masu dogon zango, sannan rajista ce ta wata-wata. In ba ka soke ta kafin 10 ga wata ba, za a ci gaba da cirar kuɗinka kana gida. Clisson ta fi sauƙi, kamar rabin sa'a ce daga Nantes.

Yanayi kuwa ba a raina shi. A 2023 ruwa ya mayar da filin Wacken taɓo har masu bikin suka dakatar da shigowa. Daga cikin masu tikiti 85,000, kimanin 61,000 ne suka samu shiga. Waɗanda suka iso da wuri su ne suka tsira. Takalmin roba mai dogon wuya, rigar ruwa, da leda don kaya su zauna a bushe, ba kayan ƙawa ba ne a can. Da dare kuma akwai sanyi ko a watan Agusta. Hellfest akasin haka: a Yunin 2022 zafi ya doshi digiri 40. Mutumin Sakkwato zai yi dariya ya ce wannan ai wasa ne, to amma a gida ba wanda ke tsayuwa cikin rana tun hantsi, sanye da baƙar riga, a tsakiyar dubban jama'a. Ga shi rana ba ta faɗuwa a Clisson a watan Yuni sai wajen goman dare, abin da mai kula da lokutan salla zai so ya sani tun kafin ya je. Akwai famfunan ruwan sha kyauta, ka yi ta sha. Wajen abinci ma ka riƙa tambaya, don naman alade ya yi yawa a rumfunan Jamus. Rumfunan masu cin ganyayyaki su ne mafita mai sauƙi. Kwalba ba ta shiga filin Wacken.

Akwai kuskuren da ba a ganin illarsa sai an dawo: zuwa ba abin toshe kunne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar wuraren kiɗa ta wuce desibel 100 a ma'aunin minti 15, kuma a gaban dandamali kusan nan ake, kwana huɗu a jere. Ƙugin da kunne ke yi bayan wasa alamar rauni ce, wani lokaci ba ya tafiya. Auduga ba ta wadatarwa. Akwai matosai na musamman don kiɗa, masu rage ƙara ba tare da dushe sautin ba, kuma ba su kai kuɗin riga ɗaya ta bikin ba.

Gaban dandamali akwai da'irar da ake ture-ture da guje-guje. Ba faɗa ba ne, yana da ƙa'idarsa: wanda ya faɗi a ɗaga shi nan take, wanda ba ya so ba a jawo shi. In ka ga jama'a sun dare gida biyu sun bar fili a tsakiya, karo za su yi. In ba ka shirya ba, ja gefe. Ka kuma riƙa waiwaye, don ana miƙo mutane bisa kawunan jama'a daga baya.

Ba a ciniki da tsabar kuɗi a cikin filin. Kuɗi ake lodawa a 'yar na'urar biya da ke jikin abin ɗaurin hannu na bikin, don haka ka loda tun kana da intanet mai kyau, ka taho da batirin cajin waya, sannan ka nemi a mayar maka da ragowar bayan an tashi, kafin wa'adi ya wuce. Wacken na ƙarewa daren Asabar, Hellfest daren Lahadi, kuma washegari kowa a lokaci ɗaya yake son fita ta ƙananan hanyoyin ƙauye. Kada ka yanki jirgin safiyar ranar. Ka sa na yamma, ko ka kwana a Hamburg ko Nantes ka tashi kashegari.