Kurakuran da aka fi yi a gida bayan aikin sauya gaɓar ƙugu

Ranar da aka sallamo yayata bayan an sauya mata gaɓar ƙugu, abin da muka fara yi a gidanmu da ke unguwar Jekadafari a Gombe shi ne shimfiɗa mata katifa a ƙasa, wai kada ta faɗo daga gado. Da zuciya ɗaya muka yi, amma kuskure ne. Mai sikila ce, jini ya daina isa kan ƙashin cinyarta har ya lotsa, ta shafe shekaru tana ɗingishi. Allah ya sa ƙaninmu ya tuna da gargaɗin likita kafin ta kwanta.

Matsalar ita ce rayuwarmu duk a ƙasa take. A tabarma muke zama, a kujerar tsuguno ake girki, masan yawancin gidaje na tsuguno ne, shara kuma sai an sunkuya da gajeriyar tsintsiya. Ita kuwa sabuwar gaɓar, ƙwallo ce da ke juyawa cikin ɗan ƙoƙo, kuma naman da ke riƙe ta a wurin shi ne aka ratsa lokacin aiki. Kafin ya haɗe, idan gwiwa ta ɗaga sama da ƙugu, ko aka harɗe ƙafafu, ko aka murɗa ƙafar zuwa ciki, ƙwallon na iya gocewa ya fita. An fi jin tsoron haka idan ta baya aka yi yankan. Yawanci ana kiyaye waɗannan ne daga mako 6 zuwa wata 3, amma kafin ku bar asibiti ku tambayi likitan ta ina ya shiga da kuma abin da ya hana, domin dokar wani ba ita ce ta wani ba.

Gyaran shi ne a ɗaga gidan tun kafin mai jinya ya dawo. Gado mai tsayi da katifa mai tauri. Kujera mai hannu, wadda in ya zauna gwiwarsa ba za ta wuce ƙugunsa ba. Kushin ɗin falo mai nitsewa ba nasa ba ne yanzu. Banɗaki shi ne inda mutane ke jin nauyin tambaya, kuma nan ne haɗarin ya fi yawa. A sayi kujerar bayan gida irin ta marasa lafiya, ko a sa kafinta ya huda kujerar katako mai ƙwari a ɗora kan masai. Wanka a zaune, sabulu da buta a kan wani abu mai tudu. In zai kwanta ta gefe, a sa matashi tsakanin cinyoyinsa.

Sai sallah. Na ga dattijon da ya dage sai ya kai goshinsa ƙasa mako biyu bayan aiki, yana ganin in bai yi haka ba sallarsa ta ragu. Sujada da zaman tahiya suna naɗe ƙugu fiye da kima. Addini kuwa ya riga ya yi sauƙi: hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ce a yi sallah a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. A yi ta a kan kujera da ishara har likita ya ba da izini. Wajen alwala ma kada a ɗago ƙafa ko a sunkuya mata, wani ya taimaka ya wanke.

Akwai kuma kuskuren da ke zuwa da sunan tausayi. Innarmu kullum cewa take, "Ku bar ta ta huta mana, yanka fa aka yi mata." 'Yan dubiya su cika ɗaki, a kawo ruwa a kawo abinci, mai jinya ya wuni bai taka ƙasa ba. Alhali a asibiti ranar aikin ko washegari ake tayar da mutum ya fara takawa. Doguwar kwanciya na sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan jinin kuma in ya tafi huhu yana kisa. Shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini na kusan wata guda, kuma kuskure ne a ajiye shi don an ga sauƙi. Tafiya kaɗan-kaɗan sau da yawa a tsakar gida ta fi doguwar tafiya sau ɗaya. Ko a kwance, a riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa. A zafin Gombe na Maris da Afrilu, a yi tattakin da sanyin safiya ko bayan la'asar, mai sikila kuwa ya ninka shan ruwa.

Sanda tana hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen da aka yi wa aiki ba. Mutane da yawa suna juya wannan. A matakala, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, wadda aka yi wa aiki ce ke fara sauka. Kada kunya ta sa a jefar da sandar da wuri, ɗingishin da jiki ya saba da shi yana da wuyar saki.

Acaɓa a haƙura da shi a watannin farko: wurgar da ƙafa wajen hawa, ga ramuka, ga faɗuwa. Keke Napep ma kujerarsa ta yi ƙasa kuma yana jijjiga. Gaban mota ya fi, a tura kujerar baya, a fara zama sannan a shigar da ƙafafu tare. Tuƙi kuwa sai wajen mako 6, shi ma da yardar likita.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne a kai irin wannan ƙafa wurin mai ɗori, ko a yi ta gasa wurin ɗinki da ruwan zafi ana shafa magunguna. Ƙarfe ne a ciki, ba karaya ba ce da za a ja a ɗaure, kuma ƙwayar cuta in ta kai ga ƙarfen, sau da yawa sai an sake buɗewa. Zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga ɗinki, kumburin sha-raɓa mai zafi, numfashi sama-sama, ko ciwo mai tsanani farat ɗaya tare da ƙafar ta gajarce ko ta juya: duk wanda ya bayyana, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne. A nan muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya, 'yan Bauchi kuma suna da na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Daga wata na uku ciwo kan lafa, a nan ne kuma ake watsar da atisayen da likitan gashin ƙashi ya koyar, alhali naman ƙugu kan ɗauki kusan shekara yana ƙara ƙarfi. Yayata ta riƙe nata, kullum bayan sallar asuba, tana dafe da bayan kujera tana ɗaga ƙafar zuwa gefe. Yanzu da ƙafarta take zuwa kasuwa, ba sanda. Guje-guje, tsalle da ɗaukar buhu dai an ce ta bar su, domin gaɓar roba da ƙarfe tana cinyewa, ita kuma tana da sauran shekaru masu yawa da za ta taka a kanta, in Allah ya so.