Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Auna 'Yan Kwatabak na Jami'a Kafin Zaɓen NFL

A ƙarshen watan Afrilu na kowace shekara, ƙungiyoyi 32 na gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, sukan zauna su raba 'yan wasan da suka fito daga jami'o'i a zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Babu gurbin da ake rububinsa a wannan zaɓe kamar na kwatabak, ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya karanci tsayuwar abokan hamayya, sannan ya yanke shawarar inda zai jefa ta. A 2024 kaɗai, shida daga cikin mutum 12 na farko da aka zaɓa 'yan kwatabak ne. Sai dai kuma babu gurbin da ake tafka kuskure a kansa kamar wannan, domin abin da ido ke saurin gani a jikin matashin ba shi ne abin da ke raba gardama a filin ƙwararru ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a ruɗu da ƙarfin hannu. Kowace babbar jami'a takan ware rana guda ta gayyato wakilan ƙungiyoyi su kalli 'yan wasanta. Matashin yakan fito da gajeren wando da riga mara nauyi, babu hular kwano, babu sulke, babu ƙato ko ɗaya da zai taso masa, waɗanda yake jefa wa ƙwallon kuma abokansa ne da ya yi makonni yana maimaita jifa iri ɗaya da su. Sai ya karkata hagu, ya saki ƙwallo ta keta iska yadi 60 ta sauka a tafin hannun abokinsa, 'yan kallo su yi shewa, kafin yamma bidiyon ya zagaye intanet. Haka aka yi da Zach Wilson na jami'ar BYU a 2021, ƙungiyar New York Jets ta ɗauke shi a matsayi na biyu, bayan kaka uku kuma ta rabu da shi. Tun kafin shi an yi JaMarcus Russell na jami'ar LSU, wanda aka yi ta ba da labarin nisan jifarsa, Oakland Raiders ta zaɓe shi na ɗaya a 2007, ta lamunce masa fiye da dala miliyan 30, ya jagorance ta a wasa 25 ya ci bakwai, aka sallame shi a 2010. Kallon kitse aka yi wa rogo. Gyaran wannan kuskure shi ne mai nazari ya ajiye bidiyon bajinta gefe, ya nemi cikakken wasa, musamman wanda ƙungiyar matashin ta sha wuya a cikinsa, ya duba abin da yake yi a yunƙuri na uku, cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta matsa gaba yadi goma, idan sauran yadi bakwai ko takwas, katangar 'yan wasan da ke kare shi ta fara rushewa, mutumin farko da ya yi niyyar jefa wa kuma an rufe shi. Idan idonsa ya koma kan na biyu da na uku alhali ƙafafunsa na nan daram, akwai abin ginawa a kai. Idan kuwa ya sunkuyar da kai yana neman hanyar gudu, ƙarfin hannunsa ba zai cece shi ba a gasar da ake ba shi daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku kafin a cim masa.

Daga nan sai yarda da alƙaluman jami'a kamar yadda suke a takarda. Lambobi ba sa ƙarya, amma ba sa faɗin tsarin wasan da ya haife su. Andre Ware ya lashe kambun Heisman, na gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a 1989 a jami'ar Houston, wadda tsarinta jifa ne ba ƙaƙƙautawa, wanda ya gaje shi, David Klingler, ya yi jifar ci, wato jifar da ta kai ga cin maki, har 54 a kakar 1990. An zaɓi Ware na bakwai, an zaɓi Klingler na shida, babu ɗayansu da ya kafu a NFL. Shi kansa filin ba ɗaya ba ne: layukan tsakiya da ake ajiye ƙwallo a kansu suna da tazarar ƙafa 40 a jami'a, a NFL kuwa ƙafa 18 da rabi ne, saboda haka faffaɗan gefen da kocin jami'a ke amfani da shi ya buɗe wa yaronsa hanya ba ya samuwa a can. Haka kuma mai cafkar ƙwallo a bakin layi ƙafa ɗaya ta ishe shi a jami'a, amma a wurin ƙwararru sai ya dire biyu a cikin fili. Kambun Heisman ɗin ma shaida ce ta wanda ya fi haskakawa a jami'a a shekarar, ba takardar lamuni ba ce. Tim Tebow da Johnny Manziel duk sun ɗaga shi, duk an zaɓe su a zagayen farko, Manziel kaka biyu kawai ya yi a Cleveland.

Akwai kuma tambayar su wa ke kewaye da shi. Mac Jones ya yi jifar ci 41 a jami'ar Alabama a 2020, sau huɗu kacal abokan hamayya suka ƙwace jifarsa, amma DeVonta Smith da Jaylen Waddle yake jefa wa, waɗanda su ma a zagayen farko aka kwashe su, kuma sau da yawa sukan bar mai tsaronsu a baya da taku uku ko huɗu. New England ta ɗauke shi na 15, daga baya ta miƙa shi ga Jacksonville a kan zaɓin zagaye na shida. Kada a ɗauka cewa duk wanda ya yi wasa da taurari abin zargi ne, domin Joe Burrow ma da Justin Jefferson da Ja'Marr Chase ya yi jifar ci 60 a LSU a 2019, kuma ya kai Cincinnati Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL, a kakarsa ta biyu. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne jifa nawa matashin ya zura ta ƙaramar kafa, kuma sau nawa ya saki ƙwallo tun kafin mai cafkar ya juyo, domin a NFL wanda ya jira ya ga mutum a buɗe ya riga ya makara.

Wani kuskuren da ƙungiyoyi ke maimaitawa, duk da sun sha ganin sakamakonsa, shi ne gina babban fata a kan wasanni kaɗan. Chicago ta yi musayar zaɓuɓɓuka ta hau sama ta ɗauki Mitchell Trubisky na biyu a 2017 bayan ya jagoranci jami'ar North Carolina a wasa 13 kawai, ta bar Patrick Mahomes, wanda Kansas City ta ɗauka na 10 ya kuma zama tauraron gasar. Labarin San Francisco ya fi wannan ban mamaki. A 2021 ta sadaukar da zaɓinta na zagayen farko na shekara uku domin ta ɗauki Trey Lance na North Dakota State, wanda ya fara wasa 17 a rukunin jami'o'i na ƙasa da na manya, kuma wasa ɗaya tak ya buga a 2020. Sau huɗu ya fara wa ƙungiyar wasa, ya karye a idon sawu, daga bisani aka tura shi Dallas. Wanda ya maye gurbinsa daga baya, Brock Purdy, shi ne mutum na 262, na ƙarshe a zaɓen 2022, amma ya shekara huɗu yana riƙe da Iowa State, ya ga dabarun tsaro iri-iri, ya sha duka ya tashi, kuma shi ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe a Fabrairun 2024. Ɗaukar mai wasa goma sha wani abu cinikin biri a sama ne. Ba a ce kada a yi ba, amma a san farashin da ya dace da shi, kuma a tanadi wanda zai riƙe gurbin har yaron ya nuna.

Ma'aunin jiki kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. A gwajin da ake yi a Indianapolis kowace shekara, Tom Brady ya yi gudun yadi 40 a daƙiƙa 5.28, aka bar shi har zagaye na shida a 2000, mutum na 199, ya ƙare da kofin Super Bowl bakwai. An raina tsawon Drew Brees, an raina na Russell Wilson wanda ya kai na 75 a 2012, kowannensu ya ɗaga kofi. Tsawo da faɗin tafin hannu suna da amfani a matsayin abin lura, amma ba su isa su zama hukunci ba.

Kishiyar wannan kuskure ita ce a yanke cewa aibin da aka gani a yau shi ne na har abada. Josh Allen kashi 56 cikin ɗari na jifarsa ne ke isa hannu a Wyoming, masu sharhi da yawa suka ce saiti ba abin koyo ba ne, sai ga shi ya gyara takunsa da sakin hannunsa a Buffalo har ya zama gwarzon gasar a kakar 2024. Lamar Jackson kuwa har shawara aka ba shi ya koma mai cafkar ƙwallo, aka bar shi sai na 32 a 2018, ya zama gwarzon gasar a 2019 da 2023. A nan dole a bambance aibin da ke ƙafa da kafaɗa, wanda koci nagari zai iya gyarawa, da aibin da ke cikin hali. A 1998 an yi ta muhawara tsakanin Peyton Manning da Ryan Leaf, aka ɗauki Manning na ɗaya, Leaf na biyu. Dukansu sun fara da tuntuɓe, Manning ma sau 28 aka ƙwace masa jifa a kakarsa ta farko, Indianapolis ta ci wasa uku ta faɗi 13. Bambancin shi ne Manning ya koma ɗakin nazarin bidiyo, a kaka ta gaba lissafin ya juye zuwa ci 13 da faɗuwa uku, Leaf kuwa ya shiga rigima da 'yan jarida da abokan wasansa, ya bar gasar da jifar ci 14 da ƙwace 36. Saboda haka wakilan da suka san aikinsu ba sa tsayawa ga yabon babban koci, sukan tambayi ƙananan ma'aikatan ƙungiyar jami'ar yadda matashin yake washegarin ranar da aka doke shi.

Kuskuren da masu sharhi suka fi kawar da kai daga gare shi, a ganina, shi ne auna ɗan wasa kamar shi kaɗai zai shiga fili. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsarin zaɓen da kansa yana tura wanda ya fi fice zuwa ƙungiyar da ta fi lalacewa. David Carr ya faɗa hannun Houston Texans a 2002, shekarar da ta fara buga gasar, a kaka guda sau 76 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu tun bai kai ga jefa ta ba, kuma matashin da ya sha irin wannan duka yakan koyi kallon masu taso masa maimakon kallon fili. Baker Mayfield da Sam Darnold, na ɗaya da na uku a 2018, an riga an shafa musu fatiha, sai Mayfield ya farfaɗo a Tampa Bay, Darnold kuma ya ci wasa 14 da Minnesota a 2024. A ɗaya ɓangaren, Aaron Rodgers ya zauna a benci shekara uku a bayan gogaggen kwatabak Brett Favre, Mahomes ya zauna shekara guda a bayan Alex Smith yana koyo a hannun koci Andy Reid.

Abin da ya rage irin wannan haƙuri shi ne kuɗi. Sam Bradford ya sa hannu a kan dala miliyan 78 a 2010, amma bayan yarjejeniyar 2011 da ta ƙayyade albashin sababbin shiga, Cam Newton dala miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Tun daga lokacin, kwatabak matashi ya zama kaya mai araha, ƙungiyoyi suna gaggawar jefa shi fili domin su ci moriyar shekarun arahar, suna kuma gaggawar yar da shi idan bai haska ba. Don haka kafin mai nazari ya ce wane zai yi nasara, ya duba katangar da za ta kare shi, ya duba ko kocin da ya zaɓe shi zai kai baɗi a kan kujerarsa, ya kuma duba abin da aka sayar domin a same shi. Carolina ta ba Chicago babban mai cafkar ƙwallonta, D.J. Moore, haɗe da zaɓuɓɓuka da dama domin ta ɗauki Bryce Young a 2023, ta ci wasa biyu kacal a kakar, zaɓinta na zagayen farko na 2024 kuma ya zama na ɗaya, wanda Chicago ta ɗauki Caleb Williams da shi.